Kaka Mai Duba Idon Kifi

A gidan kallon kifaye na birnin Pula, wata tsohuwa tana taya malama rakiyar 'yan aji ɗaya. Gajeriya ce kakkaura, hannayenta duk tabon wuƙa. Ina jin a kasuwar kifi ta ƙarar da ƙuruciyarta, don sauran iyaye hoto suke ɗauka, ita kuwa idon kifin take dubawa.

"Wannan a gasa da tafarnuwa da man zaitun," in ji ta. "Wancan sai miya."

Yara suna ta ƙyalƙyala dariya, malama tana harararta. Sai wata 'yar mitsitsiya, Tonka, da ta manna hanci a gilashin wani ƙaton kifi, ta ɓare baki.

"Kaka, shi ma cinye shi za a yi?"

Tsohuwar ta durƙusa da ƙyar, ta ƙare wa kifin kallo.

"Wannan? Haba 'yar nan! Namansa ya yi tauri kamar nawa. Irinmu ba mai taɓa mu, sai dai a zo kallo."

Tonka ta share hawaye, ta ɗaga wa kifin hannu. Sannan ta juyo, ta ɗaga wa tsohuwar.