Haƙorin da na fasa ranar Kirsimeti

Ni mace ce mai saurin hannu, ba zan ɓoye ba. Amma duk dukan da na taɓa yi, guda ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Ɗiyata ba ta cin gyaɗa. Tana shekara biyu ta kurɓi kunun gyaɗa, leɓɓanta suka kumbura suntum, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Likita ya ce in aka sake, maƙogwaro ne zai toshe. To, a Zamfara ina mutum zai ɓuyar wa gyaɗa? Ƙuli a kwaɗo, ƙuli a yajin tsire, man gyaɗa a ƙosai da waina. Na zama mai shinshina kwanon mutane, ana ta yi da ni a unguwa.

A gidan hayarmu na Gusau, ɗakin da ke jikin nawa na wata Bahaushiya ce Kirista, daga wani ƙauye a bayan Tsafe. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Da Sallah in kai mata nama, da Kirsimeti ta kawo mini shinkafa da cincin.

Shekarar da yarinyar ta cika huɗu, mahaifiyata ta zo daga Bungudu. Inna ba ta taɓa yarda da ciwon nan ba. Kullum cewa take, "Mu da muka tashi cikin gonar gyaɗa? Sangarta ce kawai."

Ranar Kirsimeti, wajen azahar, Yaya ta shigo da kwanon cincin. Ta ce, "Ƙanwata, ba yarinyar ta ci, babu gyaɗa a ciki." Na miƙa wa yarinyar cincin biyu, na tafi shanya. Da na dawo, sai na same ta zaune a bakin ƙofa, idanu sun rufe don kumburi, numfashi yana fita da ƙyar, yana fito.

Wallahi ban tambayi kowa komai ba. Muciya na sura. Na faɗa ɗakin Yaya, baƙinta na zaune cikin sababbin kaya, na kwaɗa mata a baki. Na ji ƙarar haƙori. Na yi fatali da tukunyar miyarta, na shaƙe mata wuya ina ihu, "Kun kashe mini ɗiya!" Kun, na ce, a gaban danginta, kuma kowa ya gane su wa nake nufi.

Ba ta rama ba. Ta hankaɗe ni na bugu da bango, ta tofar da jini da guntun haƙori, ta suri jakarta, ta fita ba takalmi, ta saɓi yarinyar a kafaɗa, ta tare ɗan kabu-kabu, ta haye babur ɗinsa. Na hau wani na bi su, ina kuka ina zaginta.

A asibiti aka danna wa yarinyar allura a cinya, aka sa mata iska a hanci. Da nas ta cire mata riga, sai wani abu ya faɗo daga aljihu. Guntun ƙuli-ƙuli ne, murɗaɗɗe, irin wanda Inna take yi da hannunta.

Inna ta iso tana haki. Na nuna mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan kaɗan na ba ta, don cikinta ya saba." Hannuna ya ɗaga da kansa, na danne shi da ɗaya hannun. Uwata ce.

Aka tafi da Yaya ɗinkin leɓe, ta bar jakarta a kan benci. Wani ƙaramin littafi ya leƙo daga ciki, na koyarwar addininsu, da Hausa. Ni Musulma ce, ban taɓa buɗe irinsa ba, amma a lokacin ba na iya kallon fuskar kowa. Na karanta inda ake bayanin cewa a wurinsu ana yafe wa mai laifi tun kafin ya roƙa. Haushi ya kama ni. Ni so nake ta zo ta fasa mini baki, mu yi daidai.

Na juya shafin ƙarshe. Da biro, da rubutunta, ta jera: "Abin da ɗiyarmu ba ta ci: gyaɗa, ƙuli, yajin tsire, man gyaɗa." A ƙasa ta ƙara: "Cincin na bana: man waken suya, sabon kasko."

Ta dawo da leɓe a ɗinke. Na zube a gabanta, na kama ƙafafunta masu ƙura. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Tana numfashi?" Na ce tana yi. Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Yanzu yarinyar tana da shekara tara. Ba ta cin abincin hannun kowa sai nawa da na Yaya. Inna kuwa, in ta zo, a bakin ƙofa nake zazzage mata jaka.

Bara ɗiyata ta tambayi Yaya abin da ya sami haƙorinta. Ta yi dariya, giɓin ya fito, ta ce, "Ƙashi na tauna ranar Kirsimeti." Ina zaune a wurin ina tsintar shinkafa, ban iya ɗaga kaina ba.