Na Ji Kukan Motar Ɗana, Kunya Ta Hana Ni Magana

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru, shekara uku ke nan da rasuwar mai gidana, ina zaune a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo tare da ɗana na fari da matarsa. Ni mace ce marar yawan magana. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai da girma ya kama ni na shiga yaƙi da jahilci, da shi nake rubuto muku wannan, sai ku yi haƙuri da hannuna.

Marigayi direba ne, kuma ya bar wa yaron tsohuwar motarsa ta ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Dungas da Magariya. Shekara ashirin ina jin motar nan tana tashi a ƙofar gida, har na san muryarta kamar ta ɗan da na goya. Wata safiya a farkon damina ina tankaɗe, sai na ji wani siririn kuka kamar ana wasa wuƙa. Idan yaron ya taka ƙafarsa zai sa giya sai kukan ya taso, idan ya ɗaga sai ya ɗauke. Na san wannan kukan. Ya taɓa kwanar da marigayi kwana biyu a dajin Dantchiao. Da ya dawo ya faɗa mini cewa wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa da suke kira bute, shi ke raba inji da giya idan an taka, kuma in ya fara wannan kukan ba a jira, sai a sauke akwatin giya a sake shi.

To, kun san al'adarmu da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ido da ido ba. In ina da magana sai in bi ta wani. Sai na kira surukata, tana da tsohon ciki, na ce ta gaya wa mai gidanta ya kai mota a duba. Ban ce mata bute ba, ban ba ta labarin Dantchiao ba, don kada a ce tsohuwa tana koya wa direba aikinsa. Da yamma ta dawo tana dariya, wai ya ce a gaya wa Inna yaushe ta zama bakanike, kuma an fesa wa wurin mai a gareji, motar za ta kai su har bayan kaka. Kukan ya yi shiru kwana huɗu, ya dawo da kauri, har da gurnani. Kullum ina ji, kullum ina cewa gobe zan tare shi da kaina. Sau biyu na kai bakin zaure, na ga ƙeyarsa, na juyo.

Ranar wata Laraba da hantsi naƙuda ta kama yarinyar. Ungozoma ta duba ta ce ɗan ya zo a gicciye, mu yi maza Magariya. Muka shimfiɗa ta a baya, kanta a cinyata. Mun yi nisa sai muka iso wani wuri mai rairayi da ruwa ya jiƙa, inda dole ɗana ya sauya giya. Ya taka, aka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi, wari ya taso, giya ta ƙi shiga. Motar ta tsaya cikin yashi. Ya fita ya kwanta ƙarƙashinta, ya fito, ya sake shiga, ba abin da hannu zai iya yi a wurin. Wasu manoma suka kawo amalanken shanu, da shi muka kai yarinyar har bakin babbar hanya, tana riƙe da hannuna tana ce mini in yafe mata. A nan muka samu wata mota, sai bayan la'asar muka isa asibiti. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, uwar ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba.

Bayan kwana bakwai, ranar da ya kamata a yi suna, ɗana ya shigo ɗakina, abin da bai saba ba. Ya ajiye ƙarfen a gabana, bai fi awarwaro girma ba, ya ƙone ya tarwatse. Ya tambaye ni a hankali ko na san abin da kukan yake nufi tun farko. Na ce na sani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce da daga bakina ya ji, da sunan mahaifinsa a ciki, da a ranar zai sauke akwatin. Ya tashi ya fita.

Na san rai na Allah ne, kuma abin da ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma na koyi cewa kunya ado ce a inda babu haɗari; in rai ya shiga, ba ta da wurin zama. Direbobi, in motarku tana kuka sa'ad da kuka taka, tana shiru in kun ɗaga, kada ku yarda da fesa mai, ku sake ƙarfen. Iyaye mata 'yan'uwana, abin da kuka sani ku faɗe shi da bakinku, cikakke, ko ga ɗan fari ne. Surukata har yau ba ta sake samun ciki ba, kuma ita ce ke kawo mini ruwan alwala kowace safiya.