Karen Malam Badamasi

Malam Badamasi ya fi son kare a kan mutum, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya faɗa a Birnin Kudu, inda ubansa ya yi shekara talatin yana farauta. Ya faɗa a kwalejin da yake koyarwa. Da gwamnati ta turo shi Kuala Lumpur karatun digiri na uku, nan ma ya ci gaba da faɗa. Hureira ta aure shi da saninta, saboda haka ba ta da inda za ta kai ƙara.

Suna zaune a unguwar Sentul, a wani dogon bene, hawa na tara. Yaransu suna gida wurin kakarsu. Badamasi yana shekara ta biyar a karatun da aka ce masa na shekara uku ne, sai annoba ta zo aka kulle gari. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, shi kuwa ya ce shi ne. Hureira ta yi sati shida ba ta taka ƙasa ba.

Abin da ya hana ta haukacewa maƙwabciyarta ce, Makcik Rohani, tsohuwa 'yar Malay wadda mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ya rasu ya bar ta da kyanwa biyu. Kullum da hantsi sai ta rataya kwano mai hawa uku cike da abinci a ƙofar Hureira, ta ƙwanƙwasa ta koma. Hureira ta wanke, ta zuba masa ko dambu ta mayar. Turancinsu duka gurgu ne, amma sukan tsaya kowa a bakin ƙofarta da takunkumi su yi awa guda suna zagin farashin albasa. A duk benen nan ita kaɗai ta san sunan Hureira.

Shi kuwa Badamasi, cefanen da bai fi minti ashirin ba sai ya kai awa biyu. Ashe bayan benen akwai wani gini da aka tsayar, leburori suka watse suka bar kare ɗaya a bayan kwanon shinge, ja, duk haƙarƙari. Badamasi yana kai masa kan kifi. Ya sa masa suna Farfesa, wai don ya yi sati uku yana kiransa bai amsa ba, kamar malamin da ke duba aikinsa. Cikin wata huɗu ya koya masa zama, da bin sawu, da ɗauko abu ba tare da ya tauna ba. Babin da ake jira a jami'a kuwa ko shafi bai ƙaru ba.

Hureira ta gargaɗe shi. Mutanen nan ba irin na gida ba ne, in yawun kare ya taɓa abu sai sun wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya ce wannan mazhabarsu ce, shi ɗan Malikiyya ne, kuma karen farauta har littafi ya san da zamansa. Ta ce ita dai kada ya hau da shi bene.

A watan Disamba aka sassauta kulle. Akwai wani tsoho ɗan Sin, Teoh, mai kawo ƙwai benen, yana da gona a bayan gari inda yake kiwon kajin daji masu dogon bindi don gidajen abinci. Ruwan sama ya kayar da bishiya a kan wayar kejin, kaji wajen sittin suka bazu cikin gonar. Ya ce wa Badamasi in karensa zai iya kamo su, cikin kowane biyar ɗaya nasa ne. Badamasi ya ce lokacin ma ya yi daidai, yanzu a gida sanyi ya shigo, maharba sun fita.

Hureira ta bi su, don ta gaji da kallon bango. Ita a gaban motar ƙwai, miji da kare a baya. Abin da ta gani ba farauta ba ne. Kajin nan a keji aka ƙyanƙyashe su, ba su san daji ba, ba su san tsoro ba. Teoh ya ɗauko bokitin dusa ya girgiza, sai ga sun fi talatin sun fito daga ciyawa da gudu suna bin sa. Badamasi ya roƙe shi don Allah ya ajiye bokitin nan, yana ɓata masa aiki. Sannan ya naɗe wando, ya yi bisimilla, ya saki Farfesa.

Gaskiya karen ya yi abin kirki. Yakan sunkuya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama, sai Badamasi ya yi fito, karen ya faɗa wa kaza. Ya kawo tsuntsu da rai, ko gashinsa bai tuje ba. Badamasi ya faɗi sau biyu cikin taɓo, matsattsaku suka cika masa ƙwauri, amma yana ta kirarin ubansa a gaban kajin da suka taso da dusa. Suka dawo da huɗu, shi ya yanka da hannunsa.

A gidan maharba ba a cin nama a hana maƙwabci. Hureira ta yi miyar gyaɗa da tuwon shinkafa, ta cika kwano mai hawa uku, ta ja kunnen mijinta kada ya kuskura ya ambaci kare. Makcik ta cinye, ta zo har ƙofa tana yabo, ta tambaya a wace kasuwa ake samun irin wannan kaza.

Badamasi ya leƙo ta bayan matarsa. "Wace kasuwa, Makcik? Karena ne ya kamo. Da bakinsa, ga hoton."

Tsohuwa ta kalli hoton, ta kalli kwanon, ta shige gida. Yini guda Hureira tana jin ƙarar ruwa ta bango. Kwano, cokali, faranti, har abin da miyar ba ta taɓa ba, an bi shi da sabulun da aka haɗa da ƙasa. Washegari Badamasi ya ce zai gyara. Ya buga shafi uku na hujjojin malamai ya tura ta ƙarƙashin ƙofarta. Shi ne rubutu mafi tsawo da ya yi a shekarar.

Kwano bai sake zuwa ba. In suka haɗu a lif ɗin hawa bene, Makcik ta amsa sallama ta kalli lambobin hawa. Wata bakwai aka yi haka. Hureira ba ta yi kuka ba, ta dai daina sa nama a abincin mijinta, ta ce ya je Farfesa ya kamo masa.

A watan Yuli cutar ta kama su duka biyun. Aka ɗaura musu abin hannu mai ruwan hoda, aka ce kada su fito sai bayan kwana goma. Rana ta uku shinkafa ta ƙare, Hureira ko tsayuwa ba ta iyawa. Da hantsi sai ta ji an ƙwanƙwasa. Ta rarrafa ta buɗe. Kunun shinkafa da kaza, da ruwan citta, a cikin robar da ake yarwa. Kwano mai hawa uku dai ya tafi ke nan. Makcik tana tsaye can nesa da takunkumi biyu.

"Makan," in ji ta. "Ki ci. Shi ma ki ba shi, ko da bai cancanta ba."

Hureira ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta ji tari a bayanta. Badamasi ne dafe da bango, ido jawur. Ta taka masa ƙafa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, amma bai ji ba.

"Makcik, Allah ya saka. Ni ba komai, in na mutu na mutu. Amma kwana uku ke nan ba wanda ya leƙa bayan ginin can. In kin rage ƙashi, ki ƙulla a leda ki wurga ta saman shinge. Ba sai kin taɓa shi ba. Ki dai kira sunansa, Farfesa, don ya san ni na aiko."