Damben da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Maigidana ɗan dambe ne tun yana saurayi a ƙauyenmu, kafin neman abinci ya kawo mu Abuja ya zama bakanike a Apo. Ɗanmu na fari kuwa da ya tasa sai ya shiga wajen masu fararen kaya da ɗamara, waɗanda ke tsalle suna kai ƙafa har kunnen mutum. Uban ya ce wannan rawa ce. Ɗan ya ce dambe ai faɗan mai hannu ɗaya ne, an naɗe guda da zare an bar ɗayan yana gadi. Shekaru na yi ina sauraron wannan gardama, tuwona yana hucewa a gabansu.

Ban san ranar da gardamar ta koma aiki ba. Na dai fito shanya wata safiya a tsakar gidanmu na Jikwoyi, na tarar uban yana koya wa ɗan yadda ake kafa ƙafar gaba a ɓoye hannun kisa a baya, ɗan kuma yana nuna masa yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Suka ɗauki tsayuwar dambe, suka ƙara kamun kokawa, suka haɗa da shurin can na ƙasashen waje. Zaren ma suka kwance shi, wai hannu biyu Allah ya ba mutum. Randata ce ta fara shan shuri, kuma har yau ban yafe ba.

Kafin ka ce kwabo samari sun fara taruwa, 'yan gareji da 'yan acaba, har da wani ma'aikacin gwamnati mai tumbi da likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Babu ƙabilar da babu. Ɗana suke kira Koci, uban kuma Baba, har maƙwabta suka ɗauka. Abu ɗaya ya gagari uban da ɗan, shi ne sunan da za a ba abin. Uban ya ce dambe ne da ƙari, ɗan ya ce an wuce nan. Haka suka bar shi, kowa sai dai ya ce zai je wajen Baba.

Tirela ce ta bi ta kan babur ɗin ɗana a hanyar Nyanya, da rana tsaka. Ba zan tsaya a nan ba, don har yanzu ba na iyawa.

Bayan sadakar arba'in maigida ya ce mini ya samo wa abin suna. Sunan yaron zai sa masa, don ko bayan ranmu a riƙa ambatonsa. Yaron bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, wannan ne kaɗai abin da ya bari. Na yi kuka, na ce Allah ya yi albarka.

To, a wajenmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari. Kunya ce da muka gada, ba a tambayar dalilinta. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, sai dai in ce kai, ko wannan yaron. Uban ma haka.

Ya sayi rago kamar na haihuwa, ya tara ɗaliban a tsakar gida, ya miƙe tsaye.

"Daga yau wannan abu ya ci sunan mai shi," in ji shi.

Sai ya tsaya yana jira. A ƙauye uba ba ya shela da bakinsa, akwai mai ɗaga murya ya sanar a madadinsa. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya san sunan, Koci kawai suka sani. Suka ɗauka baƙin ciki ne ya shaƙe shi, suka yi tafi, suka ci nama suka watse. Ina bayan labule ina ji kamar in fito in mammare su, alhali ba su da laifi.

Na ce ya aika a kira ƙanensa daga gida ya zo ya faɗa musu. Ya ce ai sun ji. Taurin kai irin na 'yan dambe ba ya tsufa. Kafin damina ta wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya karye. Bai daɗe ba ya bi ɗansa.

Ɗaliban ba su bari abin ya mutu ba, wannan kam na shaide su. Suka koma bakin tafkin Jabi, mai tumbin nan da suke kira Oga ya laƙaba masa wani suna na Turanci, suka buga a riguna. Da labari ya iso ni sai na yafa mayafi na shiga mota.

Na same su suna atisaye, tsayuwar mijina sak, faɗuwar ɗana sak. Babbansu, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya rugo ya durƙusa yana mini sannu. Na ce masa sunan da ke jikin rigunan nan ba shi ne wanda Baba ya sa ba. Ya tambaye ni wanne ne.

Na faɗa. A gaban maza, a bakin titi, na kira sunan ɗana na fari, karo na farko a rayuwata.

Ya maimaita shi cikin ladabi, ya ɗan sosa kai.

"Suna mai kyau, Mama, wallahi. Amma mutane ya riga ya saba da wannan. Oga ya yi rijista da shi."

Ya tare mini tasi, ya buɗe mini ƙofa da hannunsa. A hanya na sake kiran sunan a hankali, tunda bakin ya riga ya buɗe. Babu wanda ya amsa.