Hanyar Baba Zuwa Bakin Rijiya

A Kazaure in ka tambayi hanya, da abin da ya daɗe da ɓacewa za a yi maka kwatance. Sai a ce ka bi ta Bakin Rijiya, ka karya ta wajen injin niƙa. To rijiyar an rufe ta tun lokacin da aka zuba kwalta, injin kuma ya zama shagon sayar da cajar waya. Amma ka ce wa ɗan acaɓa Bakin Rijiya, ko waiwayowa ba zai yi ba, zai kai ka. Baƙo ne ke shan wahala, yana ta raba ido yana neman guga.

A da, dariya nake yi wa wannan hali namu. Na daina a shekarar da mantuwa ta kama mahaifina.

Da manta hula ya fara, ya zo ya rasa sunayen jikokinsa. Duk da haka, kullum bayan la'asar sai ya ɗauki sanda ya ce ya tafi Bakin Rijiya, inda suka saba zama da abokansa, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yayata ta zo daga Roni ta ga haka, hankalinta ya tashi. Ta ce ga babura ga adaidaita sahu, tsoho zai riƙa tsallaka titi shi kaɗai? Ta ajiye mini kwaɗo ta ce in sa a ƙofar zaure. Ni nake zaune da shi, shawarar tana wuyana. Ina tsoron ranar da zai fita bai dawo ba, ina kuma tsoron in gan shi yana jijjiga ƙofar gidan da ya gina da guminsa. Na ce ta bari in bi shi tukuna in gani.

Washegari na bar shi ya yi gaba, na biyo shi daga nesa. Yana isa bakin titi, mai faci ya ajiye taya ya goge hannunsa.

"Baba, ni ma can na nufa, mu je tare."

Ya ɗaga wa babura hannu, suka tsallaka. Yana kai shi ya juyo ya koma kan tayarsa, babu inda ya nufa.

A gurbin rijiyar yanzu shagon wani tela ne, mutumin kudu, Kirista, wanda ya daɗe a garin har furfura ta same shi a nan. Ya riga ya fito da benci ya kakkaɓe shi. Baba ya zauna, ya dubi dandariyar siminti ya ce, "Ruwan ya yi ƙasa bana?"

"Ya yi ƙasa, Baba, amma akwai," in ji telan. Ya ɗebo masa a randa ya miƙa masa da hannu biyu.

Da telan ya hango ni, ya matso ya rage murya. "Kada ka damu, mun daɗe a haka. In ya tashi mai faci zai karɓe shi, mai shayi ya raka shi har lungunku." Na tambaye shi wa ya tsara musu. Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya ajiye duwatsun garin.

Na je na zauna kusa da Baba. Ya juyo ya kalle ni a tsanake, ya gaishe ni da ladabin da yake yi wa wanda bai sani ba.

"Samari, baƙo ne kai?"

Ranar ce ta farko da bai gane ni ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da ƙyar na ce, "E, Baba."

"To in ba ka da masauki, bi nan ka karya ta injin niƙa, ka bar dutse a hannun damanka, za ka ga gida mai darbejiya. Ka ce ni na aiko ka. Ɗana yana nan, yaron kirki ne, zai karɓe ka. Ƙofata ba a rufe ta."

Da rana ta yi sanyi na miƙa masa sandarsa, muka bi kwatancen nasa tare, ta wajen injin niƙa. Kwaɗon yayata kuwa, a ɗakin hatsi na sa shi.