Zoben Da Labbo Ya Sa a Wuta

Labbo maƙeri ne, ɗan maƙera, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Mutum ne marar yawan magana. Ƙarar guduma ta kashe masa kunnen hagu, shi ya sa in liman na karatu za ka ga ya ɗan karkato kai. Da ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu, ya ɗora uwar maƙerarsa a amalanke, shi da matarsa Saudat suka sauka a Shinkafi. A nan ƙira ta ƙi ci, don wa zai sayi fartanya alhali gona ba ta shiguwa? Sai ya sami ɗan lambu a bakin gulbi, fangali goma sha biyu na albasa, da wani tsohon injin ban ruwa. Wannan lambun ne tuwonsu.

Ɗansu guda, Hayatu, ya daɗe da tafiya kudu, yana aikin inji a jirgin ruwa mai kai kaya ƙasashen waje. Da ya zo Babbar Salla ya nuna wa uban hoton wani jirgi a waya, da wasu dogayen ganguna tsaye a bisansa suna juyawa. Ya ce iska ke bugunsu ta tura jirgin, a rage shan mai. Ya ce har ana ƙoƙarin ɗora su bisa mayen ƙarfe, su yi ta juyawa ba abin da ke gogar wani.

"Ƙarfe bisa iska?" in ji Labbo. "Kai Hayatu, teku ta koya maka ƙarya."

Hayatu ya yi dariya, ya ciro zobba biyu masu nauyi na mayen ƙarfe daga jakarsa, ya zura su a karan dawa. Na sama ya ƙi sauka. Ya tsaya yana ɗan rawa, tsakaninsa da na ƙasa yatsa biyu. Labbo ya danna shi, ya sake tasowa. Ya ce, "Subhanallahi," sau uku. Da Hayatu zai koma ya bar masa su.

A shekarar ne aka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layin waya. Damina ta ɗauke, an dasa albasa, injin ban ruwa na nan kwance ba abin da zai sha. Labbo ya tsaga tsohuwar ganga gida biyu, ya tsayar da ita a kan sandar ƙarfe, ya haɗa ta da famfon hannu don iska ta riƙa ja masa ruwa. Aikin ya yi kyau, sai dai gangar ta yi nauyi. Iskar kwarin ba ta da ƙarfi, ta kan tura ta rabin zagaye, gindin ya yi ƙara, ta tsaya. Nan ya tuna da zobban: ɗaya a kan sandar, ɗaya a wuyan gangar, sai ta tsaya bisa iska.

Na ƙasa ya zauna daidai. Na saman ne ramin ya ɗan matse, ya ƙi shiga wuyan gangar.

Saudat ta kawo masa fura maƙera ta tarar yana hura gawayi.

"Malam, mi za ka yi da zoben yaron ga?"

"Wuta zai sha, ya buɗe, ya shiga. In na zuba mai ruwa ya kama."

"Ka bari a maido da waya ka tambaye shi mana."

"Albasar za ta jira waya? Shekara arba'in ina sa zobe a ƙota haka, yau ɗan da na haifa zai koya min ƙarfe?"

"To ka goge wuyan da magagari."

"Yini biyu ke nan. Ke da kike tuƙa tuwo, na taɓa ce maki ga yadda ake riƙe muciya?"

"Ka sha faɗi, mantuwa ka yi," in ji ta. Ta ajiye kwanon ta tafi.

Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, don haka ya gada, haka kakanninsa suka yi, ƙarfen da ya ƙi shiga wuta ke lallashinsa. Ya kama zoben da awartaki, ya yi bisimilla, ya tura shi cikin garwashi har ya canza launi. Ya shiga wuyan gangar sumul. Ya zuba ruwa, ya kama gam.

Da la'asar suka kai gangar lambu, su biyu suna nishi. Ya saukar da ita a hankali yana jiran ta tsaya bisa iska. Sai ƙas! Zoben ƙasa ya fizgo na sama, suka manne. Wuta ta cinye ƙarfin da ke cikinsa, ya koma ƙarfe irin kowane. Yanzu ko rabin zagayen ma gangar ba ta yi.

Labbo ya daɗe a tsugune. Saudat ba ta ce na faɗa maka ba. Ta dai ce, "Inna lillahi," ta je ta ɗauko guga.

Kwana tara suna ɗibar ruwa da hannu, tsoho da tsohuwa, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Ganyen fangalin nesa ya fara kwanciya, ya yi ruwan ɗorawa daga baki. A rana ta goma Saudat bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa. Labbo ya tafi shi kaɗai. Ya bi fangalin ɗaya bayan ɗaya yana duba su, ya zaɓi uku mafi kusa da ruwa. Sauran taran ya ɗebi laka da hannunsa ya toshe bakin hanyar ruwansu.

Da ya dawo ta tambaye shi daga kan tabarma, "Nawa?"

"Uku."

"Allah Ya sa masu albarka."

Ya ce amin, ya janyo buta.