Hulunan Malam Ya'u Mai Majigi

Duk wanda ya tashi a Limancin Kona ya san Malam Ya'u mai majigi, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mutum ne ɗan firit, amma in ya kama lasifika sai ka rantse ƙato ne. Ƙuruciyarsa ta ƙare a bayan motar ofishin yaɗa labarai, ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle a dandali a nuna wa manoma yadda ake zuba taki. Hotunan ba sa magana, shi ne bakinsu.

To, wa zai bar tuwonsa ya zo kallon taki? Shi ya sa yake ajiye mai daɗin sai ƙarshe, wani tsohon fim baƙi da fari na Turawan da. Farkonsa gwajin roka ne, ta tashi tana tangaɗi, ta juyo ta kife a inda ta fito. Sai Malam Ya'u ya ce, "Jama'a, ta yi mantuwa a gida!" Dariya har da masu faɗuwa. Daga nan sai jirgin balan-balan, ƙato kamar unguwa guda, fasinjoji na shan shayi a kan tebur, mata na ɗaga hannu ta taga.

Ƙarshen fim ɗin ne ba daɗi. Jirgin ya zo sauka, wuta ta kama shi, kafin ka ce kwabo ya zube. Sau ɗaya tak ya bari aka ga wurin, wata tsohuwa da ɗanta ya tafi Makka a jirgi ta yanke jiki ta faɗi. Tun daga ranar, da jirgin ya sunkuyo sai ya cire hularsa ya kifa a bakin injin, ya ce, "Jama'a, jirgi ya sauka lafiya." Injin ya yi ta kuka a duhu har fim ya ƙare.

Da aka daina majigi, aka bar masa injin da fim ɗin. Duk Sallah yana haskawa a bangon zaurensa, matarsa Hajo tana ji daga cikin gida. Ba ta taɓa leƙowa ba, amma ta haddace zancen tsaf. Daga baya injin ya mutu, wayoyi suka zo, aka manta.

Bana 'ya'yansu suka biya wa Hajo kujerar Makka. Shi kam likita ya hana shi doguwar tafiya, ba shi da sauran buri sai shi ko Hajo, ɗaya ya tsaya a Arfa. Ga Hajo da tsoro, ko acaɓa ba ta hawa. Abin da ta riƙe shi ne, "In wancan ƙaton na Malam ya sauka lafiya, nawa ma zai sauka." Duk sanda ta faɗa sai ya tuna wutar da yake ɓoyewa, ya canja zance.

Ana saura 'yan kwanaki, babbar 'yarsu Munira, malamar makaranta, ta shigo da hantsi tana murna. "Baba, na samo fim ɗinka a waya! Inna, zo ki ga jirgin da kike ji."

Kafin ya ajiye kofin kokonsa Hajo ta goge hannu ta karɓi wayar. Roka ta kife, ta yi dariya. Jirgi ya sunkuyo. Hannun Malam Ya'u ya kai ga hula da kansa ya cire, amma ina, babu inda zai kifa ta. Wuta ta tashi.

"Innalillahi! Baba, wallahi ban sani ba," in ji Munira.

"Hajo, ai na yanzu ba irin wannan ba ne," in ji Malam Ya'u. Ta miƙe ta shige ɗaki. Ya ce a ransa shi ke nan, tafiya ta fasu, kuma shi ya jawo.

Sai ga ta da ƙullin tsofaffin hulunansa, ta zazzage a tabarma. Kowace da tabon ƙuna a tsakiya.

"Malam, wa yake wanke su? Kana cewa ya sauka lafiya, injin bai daina kuka ba, washegari hula na ƙauri. Yarinya ka ɗauke ni?"

"To me ya hana ki tambaya?"

"Wanda ya ƙona hularsa don kada mutane su tsorata, me zan tambaye shi? Ni dai in na faɗi maganarka sai hankalina ya kwanta." Ta juya ga Munira. "Ke kuma kashe abin nan, ki zo mu ƙarasa ɗaurin kaya."

Ranar da jirgin su Hajo ya tashi, Malam Ya'u ya wuni a tsakar gida, abinci ya ƙi shiga, hula a gwiwa yana ta murza ta. Bayan la'asar waya ta yi ƙara, Munira ta kara masa a kunne.

"Malam," muryar Hajo ce daga Madina, "mayar da hularka kai. Wannan ya sauka lafiya."

Mutumin da ya yi wa hotuna baki shekara da shekaru, ranar nan kasa cewa komai ya yi. Hular ma bai mayar ba, da ita ya yi ta share ido.